'Yan Zaman Kashe Wandon da Lisiate Ya Kora

Robinvale, Ostareliya
Cikin sanyin watan Yuli

Zuwa ga ƙanin maigidana, Malakai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Nanise da duk mutanen gida a Neiafu. Yaya ƙafar? Vika ta ce da kuka yi waya ka gaya mata da sauƙi. Ni dai na san ka tun ba ka fara aske gemu ba, ko ƙafar nan ta ɓalle ta tafi kasuwa ita kaɗai, cewa za ka yi da sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa, Ya bar mana kai. Mu nan muna nan yadda mutuwa ta bar mu. Baƙaƙen kaya ne har yanzu a jikina, tabarmar makoki da muke ɗaurawa a kan kaya kuma ta goge mini ƙugu har ya yi kanta, amma ban ji zan iya kwance ta ba tukuna. Ɗanku Sunia ya koma gonar inabi, lokacin datse rassa ne, yana fita da raɓa a ƙasa ya dawo hannu duk a tsage. 'Yarku Vika tana aikinta na jinya a asibiti. Jikoki suna ta tsawo, Turanci na tsiro musu a baki kamar ciyawa bayan ruwa. Zanen ɓawon itacen da kuka aiko ya iso a kan kari, a cikinsa muka naɗe yayanka. Kada ka ƙara ba ni haƙuri kan rashin zuwanka. Mai ƙafa ɗaya ba ya tsallake teku, kuma Lisiate da kansa zai fara yi maka tsiya da ya ga an turo ka a keken asibiti.

Za ka ce me ya sa tsohuwa ta ɗauki biro alhali ga waya. To, na lura da wata dabara taka: duk sanda magana ta zo inda ba ka so, sai layin Neiafu ya lalace nan take. Takarda ba ta da wannan cutar. Saboda haka ka gyara zama, ka sa tabarau, ka bar ni in bi hanyata a hankali, don abin da zan roƙe ka yana ƙarshe, kuma ba zai yi ma'ana ba sai ka ji yadda aka yi.

Ka san yayanka da ƙin rago. Rabin rayuwarsa ya yi yana shugaban masu tsinkar inabi a garin nan, kuma ba abin da ya tsana kamar ya leƙa ƙarƙashin kurangar inabi ya ga ƙato a zaune. Yakan tambayi mutum ko uwarsa ta haife shi ne don ya riƙe wa ƙasa inuwa kada ta gudu. Yaran Fiji da na Samowa har kwaikwayon tafiyarsa suke yi a bayan idonsa, shi kuma ya sani, yana jin daɗin abin. Da ƙirjinsa ya fara ba shi wahala likita ya zaunar da shi, sai ya rasa wanda zai kora. Ni ce na fara biya masa bashin bakinsa, kullum na wuce shi a baranda sai in ce sannu da riƙe inuwa, shugaba. Sai ya ce in bar shi, hutun da ya tara ne yake ci da cokali.

A wannan zaman ne Vika ta ba shi wata 'yar na'urar sauraron waƙa, ba ta kai tafin hannu ba, tana kuma ɗaukar murya. Ta ɗora masa manhajarta a tsohuwar kwamfutar falo, ta nuna masa cewa in ya yi magana a cikin na'urar ya soka mata igiya, duk abin da ya faɗa zai haye cikin kwamfuta ya zauna. Da fari waƙoƙin coci yake ji. Daga baya ya ce jikokinsa sun san sunan kowane ɗan ƙwallo a Melbourne amma ba su san ko tatsuniya ɗaya ta kakar iyayensu Luseane ba, kuma shi ba zai je ya haɗu da mahaifiyarku da wannan abin kunya a hannu ba. Sai ya mai da abin aiki. Kowace safiya in ya sha shayi, ya ja kujera gefen da rana take, ya yi gyaran murya kamar zai yi wa'azi, ya fara. Ni kuwa an hana ni zama kusa, wai ina da katsalandan, wai ba a taɓa yin tatsuniyar da na bari ta kai ƙarshe ban gyara mata zani ba. Da na matsa, sai ya ce in yi haƙuri, ajiya ce yake yi mini. Ya ce duk abin da ke bakinsa na riga na ji har na gaji, to yana so bayan ya tafi in sami wani sabon abu daga wurinsa. Na ce masa Allah Ya sauwaƙe, tsohon banza mai baƙin baki. Na koma kicin na yi kukana a kan albasa don kada a tambaye ni.

Wata rana cikin sanyin bara na ji yana faɗa a falo shi kaɗai. Na leƙo, ashe da kwamfuta yake. Ta yi masa nauyi, in ya danna abu sai ta yi ta tunani kamar dattijon da aka tambaya sunan surukarsa. Ban san yadda aka yi ya buɗe wurin da ake ganin duk abin da ke aiki a cikinta ba, sai ga wasu ƙananan manhajoji da suka zo tare da babbar ta waƙa. Ba su da fuska, ba su da waƙa, ba a taɓa ganin sun fito allo sun yi wani abu ba, amma ga su a kunne tun safe har dare. Malakai, da ka ga fuskarsa! Mutumin da ya yi wata da watanni bai kori kowa ba. Ya kira ni in zo in ga 'yan zaman kashe wando, ya ce shi mutum ɗaya ya ɗauka aiki, ashe ya taho da 'yan garinsu a ɓoye suna cin abinci. Na ce ya jira Vika. Ya ce shi da ya sallami ƙarti masu wuƙa a hannu ba zai nemi izinin 'yar da ya goya ba kafin ya sallami waɗannan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, kowanne da sallamar da ya yi masa. Ya bar babbar ita kaɗai, ya ce ita ce mai gumi.

Ka ga yadda ƙaddara take rufe ido. Kwamfutar ta ɗan yi sauri, ko kuma mu ne muka ga kamar ta yi. A da, in ya soka na'urar, sai manhajar ta faɗo allo da kanta tana juye-juye. Yanzu kuwa shiru, sai 'yar fitilar na'urar ta kama, alamar tana shan wuta. Ya ce ka ga aiki na gari ke nan, ba surutu. Lasifikar ɗakin cin abinci, wadda take jawo waƙoƙi daga kwamfutar ba tare da igiya ba, ita ma ta yi gum a makon nan. Ya ce tsufa ne ya kama ta. Ni kuma, in faɗa maka gaskiya, na ji daɗin samun shiru a lokacin cin abinci, ban ce a duba ba. Wani ɗan rubutu yakan fito a allo jefi-jefi, shi kuma ga yanar ido ga ƙin dogon Turanci, sai ya kore shi kamar ƙuda. Haka ya ci gaba har kusan shekara. Kowace safiya ya yi magana, kowace yamma ya soka igiya, fitila ta kama, ya shafa kan kwamfutar ya ce ta riƙe amana.

Ranar jana'iza, 'yar gwaggonku Tupou ce ta zauna a wajen kansa a matsayin fahu, babbar mace ta dangin uba, kamar yadda ya dace da ita, kuma ka san ranar nan maganarta ita ce magana. Ta yi mana adalci ƙwarai, ba ta ɗauki ko rabin tabarmin da hakkinta ne ba. Da aka zo naɗe shi, sai ta ga na'urar a kan teburin gefen gado, ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗan kawunta a shekarun nan ba tare da abin nan a aljihun rigarsa ba, ba za ta bari ya tafi aljihu wayam ba. Ba dole ba ne ta tambaye ni, amma ta juyo ta tambaya, ta ce Kalolaine, akwai abin da kuke buƙata a ciki? Na ce babu, ranki ya daɗe, komai yana cikin kwamfuta. Ita ta sa masa a aljihu, ni na gyara bakin aljihun. Aka naɗe, aka rera, aka kai shi maƙabartar da ke bayan gari, aka zuba ƙasa.

Sai da baƙi suka watse, aka mayar da tukwanen aro, gida ya koma girmansa na gaskiya, sannan na ce wa Vika ta zo ranar Lahadi bayan coci ta buɗe mini ajiyata. Na yi wanka, na shafa man kwakwa, na zauna a kujerarsa kamar mai jiran saurayi. Ta buɗe. Ga muryoyin nan a jere, kowace da ranar da aka ɗauke ta. Ta gangara ƙasa, ta koma sama, ta sake gangarawa. Ta ce Mama, sun tsaya a sanyin bara. Na ce ta duba da kyau, mahaifinta bai yi fashin ko safiya ɗaya ba sai makon da ya kwanta. Ta duba duk inda ake dubawa. Washegari ta ɗauki kwamfutar ta kai Mildura wurin masu gyara, ta dawo da ita a rungume kamar mara lafiyar da aka ce a mai da shi gida.

Ita ta zaunar da ni ta warware mini aikin waɗanda aka kora, da irin muryar da take yi wa dangin majinyata bayani. Ta ce babbar manhajar da muke gani kamar uwar biki ce, ita ake kallo, ita ake yaba wa, amma ba ita ke tare baƙo a ƙofa ba. Ɗaya daga cikin ƙananan nan aikinsa ke nan, ya zauna a bakin ƙofa yini guda yana jiran a soka igiya, ya gane na'urar, ya yi mata iso. In ba shi, ko sau dubu aka soka, kwamfuta ba ta san an zo ba. Wani kuma shi ke tashin uwar bikin ya ce ga baƙuwa da kaya, a zo a sauke. Akwai mai yawo cikin gida yana sanar da lasifika inda waƙoƙi suke, shi ya sa tamu ta yi shiru. Har da wani da ba ya komai sai leƙa waje lokaci-lokaci ya ji ko an fito da sabon gyara. Ta ce dole su kwana a kunne, domin jira shi ne aikin nasu, kuma mai jira in ka kalle shi sai ka rantse zaman banza yake. Na ce to fitilar fa, ai tana kamawa. Ta ce wuta ba ta neman iso, Mama, ita ko'ina shiga take. Wato shekara guda yayanka yana kai kaya bakin ƙofar da ba kowa a bayanta, yana komawa da kayansa bai sani ba. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Sunia da ya ji, sai ya tashi tsaye ya ce zai je ya nemi izinin hukuma a buɗe kabarin. Na ce ya zauna. Na ce mahaifinsa ya yi wa ƙasar nan aiki da hannunsa har ta karɓe shi, ba za a tashe shi a laluba masa aljihu kamar wanda ake zargi ba. Kuma an yi ruwa tun daga lokacin, ruwa mai yawa. Abu ɗaya na roƙe su, kai ma ina roƙonka: kada maganar nan ta kai kunnen Tupou. Alheri ta yi, kuma in ta ji ba za ta ƙara iya haɗa ido da ni ba. Ka san bakin Nanise ba shi da murfi, to ka karanta mata gaisuwarta kawai ka ninke sauran.

Ban yi fushi da shi ba, ko da yake na je kabarin na gaya masa abin da ke raina, na ce sannu shugaba, ka kori mai gadi ka bar mu a waje. Abin da ya fi ci mini rai wani ne daban. Makonnin nan wuƙaƙen kicin duk sun dakushe. Na yi ta mita ina cewa ƙarfen zamani ba shi da kirki, sai Vika ta ce Mama, ai Baba ne yake wasa su duk ranar Asabar in kin tafi gyaran coci. Malakai, tunda aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa riƙe dakusasshiyar wuƙa ba, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka haka wuƙa take. Ƙofar lambu ma ta fara kuka. Ni da na yi ta ce masa mai riƙe inuwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Murya ta ƙarshe da ta samu hayewa, ta safiyar ranar da ya yi korar ce, kuma rabin tatsuniya ce. Ta wani masunci ce da ya fita teku bai dawo ba, amma kullum da yamma kwalekwalensa yakan komo shi kaɗai, cike da kifi, ya kwanta a bakin yashi a gaban gidansa. Matar ta ci, ta ciyar da 'ya'ya, ta rabar wa gari. Mutane suka ce ta gode wa Allah ta yi shiru. Ita kuwa ta ce kifi ba ya kama kansa, akwai hannun da ke zuba shi. Sai wata safiya ta shiga kwalekwalen ta kwanta, ta ja tabarma ta rufa, ta ji ya motsa, ta ji yashi ya daina gogar cikinsa, ruwa ya ɗauka. Daidai nan Lisiate ya yi tari, ya ce rana ta yi zafi, gobe zai ƙarasa. Ya kuwa ƙarasa, na gan shi ta taga washegari, ya daɗe fiye da kullum, da ya gama ya zauna yana kallon hannunsa. Ƙarshen yana cikin aljihunsa.

Kafin ya fara ta, ya faɗa a cikin na'urar cewa sau ɗaya tak mahaifiyarku ta yi wannan tatsuniyar, ku biyu kawai ta yi wa, a makon da jirgin ruwan mahaifinku bai dawo ba. Na tambayi tsofaffin cocinmu, na tambayi masu zaman shan kava, abin shan nan namu na gargajiya, ba wanda ya taɓa jin ta. Ina jin Luseane ta ƙirƙire ta ne a wurin saboda ku. Ke nan a duk faɗin duniyar nan kunne biyu ne suka rage da suka ji ƙarshenta, kuma a kanka suke.

Na san tun da ka zama mai wa'azi ka ce ka bar tatsuniya, wai zancen mutanen duhu ne. Na daɗe ina jin wannan ba tare da na ce komai ba. Yau dai zan ce: ba na jin duhu ne ya hana ka, ina jin makon nan ne ba ka son komawa. Kana ƙarami a lokacin, yayanka ya ce a cinyarsa ka yi barci. In ka ce mini barci ya ɗauke ka kafin ƙarshe, zan yarda, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Amma in kana farke, to ka ji tausayin matar yayanka. Ba na so ka ɗauka a na'ura, na gama da ajiya. Ka kira ranar Lahadi bayan coci, lokacin jikoki suna nan, zan tara su a falo in sa wayar a tsakiya. Ka fara daga inda yashi ya daina gogar kwalekwalen. Na yi alkawari ba zan sa baki ba, ka san kuwa abin da wannan alkawari yake nufi a wurina.

Ka gaishe mini da Nanise, ka ce man kwakwarta ya kusa ƙarewa. Ka gai da Taniela da matarsa da sabon jaririnsu, Allah Ya raya. Ka gai da tsohuwa Mafi in har tana gane mutane, da limamin cocinku da ya yi mana addu'a. Sunia da Vika da yara duk suna gaishe ka, Tupou ma ta ce in na rubuta in sa sunanta. Ubangiji Ya kiyaye ku, Ya kwantar muku da teku.

Kullum da yamma ina kunna rabin nan. Na bar matar nan a kwance ƙarƙashin tabarma, ruwa na tafiya da ita, kuma ba ni da hanyar dawo da ita ko kai ta. In Lahadi ta yi maka nisa, ko layin Neiafu ya sake lalacewa, to ka rubuto mini layi ɗaya kawai, Malakai. Ta same shi?

Taka har kullum,
matar yayanka,
Kalolaine